Yini guda a teburin gasar poka

A Maradi, idan aka ce karta, belot ne ke fara zuwa zuciyar mutum: mutum huɗu a kan tabarma, biyu suna fuskantar biyu, butar shayi tana kan gawayi, ana ta gardama a kan wanda ya yi sakaci da atu. Haka muka taso muka gani a kowace fada ta unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, kuma a wuraren da na zauna ba a ajiye ko dala a tsakiya, abin da ake nema kawai shi ne a samu bakin magana a kan abokin hamayya har zuwa gobe. A ƴan shekarun nan wani wasa daban ya shigo mana ta cikin waya, wato poka, kuma hanyar da yake shigowa ita ce ta dame ni. Gajerun bidiyo ne na minti ɗaya, ana nuna mutum ya tura duk abin da ke gabansa, a buɗe kati guda, ɗaki ya kaure da ihu, sannan a jibge masa damman dalolin Amurka a kan tebur. Na taɓa zama a wata babbar gasar wannan wasa ido da ido lokacin da nake karatu a Faransa, kuma ina ganin ya kamata in rubuta yadda yinin yake tun daga safe har zuwa sa'ar da aka fitar da ni, domin minti ɗayan nan da ake yaɗawa ya yi nisa ƙwarai da abin da mai zaune a kujerar yake gani.

Dokar Faransa ba ta yarda a buga poka na kuɗi ido da ido ba sai a gidajen caca masu lasisi. Saboda haka ƙungiyoyin masu sha'awar wasan, waɗanda suke da yawa a garuruwan ƙasar, suna shirya nasu wasannin ba tare da kowa ya zuba kuɗi a tebur ba, kuma wani lokaci sukan haɗu su kama babban zaure su tara ɗaruruwan mutane a rana ɗaya. Wani abokin karatuna ne ya gayyace ni irin wannan taron, bayan ya ga yadda nake riƙe lissafin katunan da suka fita idan muna belot a ɗakin kwanan ɗalibai. Tambayar farko da na yi masa ita ce ko akwai kuɗin shiga, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, wadda ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya ta ce a nisance su, ba abin da ɗan Musulmi zai yi wa kwana-kwana ba ne. Ya tabbatar mini babu, kuma wanda ya ci, kofi zai samu da ƴan kayayyakin da masu ɗaukar nauyi suka bayar. Na san malamai sun yi saɓani ko a kan karta marar kuɗi, kuma ina girmama masu ƙin ta gaba ɗaya, amma a kan wannan sharaɗin na yarda na je.

Nau'in da ake bugawa a kusan duk manyan gasa shi ne wanda ake kira Texas Hold'em. Ana amfani da kati 52 cif, saɓanin 32 na belot. Kowa ana ba shi kati biyu a rufe, sannan mai rabo ya shimfiɗa biyar a tsakiya waɗanda na kowa ne: uku a tare, sai ɗaya, sai kuma ɗaya na ƙarshe, kuma kafin kowane mataki da bayansa akwai zagayen zubi. Mutum yana haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin. Biyu masu lamba ɗaya sun fi hannun da bai haɗa komai ba, uku masu lamba ɗaya sun fi biyu-biyu, jeri na biyar ya fi uku, biyar masu alama ɗaya sun fi jeri, haka dai har sama. A gasa kowa yana farawa da jeto daidai da na kowa, wato ƙwayoyin nan masu launi da ake zubi da su, kuma wanda nasa suka ƙare ya fita. Ana ci gaba har jeton ɗakin duka su taru a gaban mutum ɗaya.

Abin da ya fara dukan kunnena da na shiga zauren shi ne ƙarar jeto. Ɗaruruwan mutane suna zaune, kusan babu mai magana, amma yatsu suna ta wasa da ƙwayoyin, suna raba su gida biyu suna sake haɗa su, sai sautin ya cika ɗakin tun daga ƙofa har bango, bai kuma yanke ba har dare. An miƙa mini ƴar takarda mai lambar tebur da lambar kujera. A teburina mu tara ne, ga mai rabo a tsakiya, ga wani farin faifai da ke zagayawa daga mutum zuwa mutum bayan kowane hannu domin a san wanda zai yi magana a ƙarshe. A jikin bango an rataye manyan allunan talabijin da ke nuna abu uku: mintocin da suka rage a matakin da ake ciki, yawan zubin dole, da adadin mutanen da suka saura. Wannan adadin na ƙarshe shi ne idon kowa yake komawa kansa yini guda.

Zubin dole shi ne injin gasar, kuma wanda bai fahimce shi ba bai fahimci komai ba. A kowane hannu, mutum biyu da ke hagun mai faifan dole ne su zuba wani adadi tun kafin su ga katinsu, ɗaya rabi, ɗaya cikakke. Duk bayan minti ashirin a tamu gasar, ana shiga sabon mataki, adadin yana hauhawa. Da safe zubin bai kai a kula da shi ba, amma zuwa la'asar abin da ake karɓa a zagaye ɗaya ya kai wani babban yanki na abin da mutum ya fara da shi. Ma'anar wannan ita ce ba a yarda kowa ya zauna yana jiran kati mai kyau har abada ba. Mai jira da yawa jetonsa za su narke a gabansa ba tare da ya buga komai ba, mai gaggawa kuma zai faɗa hannun wanda ya fi shi kati. Duk gwanintar wasan tana tsakanin waɗannan biyun.

Ga kuma abin da bidiyo ba ya nunawa: mafi yawan yinin, aikin ɗan wasa shi ne ya leƙa kati biyu, ya tura su ga mai rabo, ya naɗe hannu. A tebur na ido da ido ana raba hannu wajen 25 zuwa 30 ne a awa ɗaya, kuma mai hankali yana zubar da mafi yawansu. Akwai hanyoyi 1,326 da kati biyu za su iya haɗuwa a hannun mutum, shida kacal daga ciki ne As biyu, wato sau ɗaya cikin 221. Ko biyu masu lamba ɗaya na kowane iri, sau ɗaya ne cikin 17. Sai mutum ya yi awa guda cur bai ga abin da ya cancanci zubi ba, bayansa ya ƙage, idonsa ya gaji da fitila, zuciyarsa kuma ta fara raya masa cewa takwas da biyar ma ai ba laifi. Na ga mutane da dama sun fita kafin azahar, kuma a ganina gajiya da zaman ce ta fitar da yawancinsu tun kafin kati ya yi nasa aikin. Wani saurayi da ke gabana, mai tabarau baƙi da abin sauraron waƙa a kunne, ya shiga kusan kowane hannu a awar farko, ya tara tuli, ya kuma rasa shi duka kafin hutun farko.

A belot mutum yana da aboki. Kana jefa kati kana sauraron abin da nasa katin yake gaya maka, idan kun faɗi ku biyu ne, idan kun ci ku biyu ne, kuma baki ba ya rufuwa. A nan kowa kansa ya sani, mutum takwas da ke kewaye da kai duk abin da ke gabanka suke so, kuma suna kallonka fiye da yadda suke kallon katinsu. A hagu da ni akwai wata dattijuwa mai furfura wadda ta jera jetonta tsaf bisa launi, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Na lura ba ta duba katinta sai zagaye ya iso kanta; kafin nan idonta yana kan hannuwan mutane lokacin da suke duba nasu. Da na samu bakwai biyu, aka shimfiɗa ukun farko sai ga bakwai ta uku tare da As, na miƙa hannu zan zuba, sai na ga yatsuna suna rawa har jeto ɗaya ya gangara. Dattijuwar ta dubi hannun, ta tura katinta nan take. Wani mutum mai As da Sarki bai duba ba, ya bi ni har ƙarshe, jetona suka ninka. A lokacin hutu ta ce mini, cikin ladabi, sabon ɗan wasa hannunsa yakan yi rawa ne idan katinsa ya yi ƙarfi, mai yaudara kuwa yakan daskare kamar ba ya numfashi. Wannan ilimi ne na gaske, na kallon ɗan Adam, kuma ba zan ɓoye cewa ya burge ni ba.

Hutun minti goma sha biyar ne bayan kowane ƴan matakai, kuma lokacin sanyi ne, yini gajere, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa. Agogon gasa ba ya tsayawa domin kowa. Idan ka tashi, ana ci gaba da raba maka kati ana zubar da su, ana kuma cire zubin dole daga tulinka idan ya zagayo. Na yi alwala a bayan gida, na shimfiɗa rigar sanyina a wani lungu kusa da ƙofar fita, na yi salla, na ci dabinon da na zo da shi a aljihu. Magariba ta faɗo a tsakiyar mataki, na tashi na bar kujerar, na dawo na tarar an ci zubina sau ɗaya. Na ambaci wannan ne domin wanda yake sha'awar irin wannan zama ya sani cewa tsarin wasan an gina shi ne a kan a riƙe mutum a kujera, kuma duk wani abin da ke kiran sa waje sai ya biya kafin ya amsa.

Da mutane suka ragu sai aka fara rushe tebura. Wani ma'aikaci yakan zo ya ajiye wa kowa sabuwar takarda, ka kwashi jetonka a ƴar tire ka nufi wani tebur inda ba ka san kowa ba, duk abin da ka tara na sanin halin mutanen farko ya tashi a banza. A sabon teburin kati ya ƙi zuwa, zubin dole ya yi ta cina, har abin da ke gabana ya koma bai fi ninki goma na babban zubi ba. A wannan matsayin lissafi ya nuna babu sauran dabarar zuba kaɗan-kaɗan, ko dai ka tura duka ko ka zubar. Na samu As da Dam, na tura duka. Wani ya amsa da Sarki biyu. A irin wannan karo rabona bai wuce wajen kashi 30 cikin ɗari ba, na riga na fara tattara rigata, sai As ya fito a tsakiya, na tsira. Mutumin ya buga daidai, ya fi ni kati, amma shi ne ya tashi jim kaɗan bayan haka.

Bayan isha, mun ragu ƙwarai, teburan da suka saura an tattara su a gefe ɗaya na zauren, sai na leƙa na ga As biyu. Wani ya ƙara zubi a gabana, na tura duka, ya amsa da goma biyu. Wannan shi ne matsayi mafi kyau da ɗan poka zai iya fata kafin a shimfiɗa komai, domin As biyu suna cin ƙananan biyu wajen sau 80 cikin ɗari. Mai rabo ya ajiye kati ɗaya gefe a rufe kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya shimfiɗa uku, goma tana cikinsu. Sauran biyun ba su kawo As ba. Babu ihu, babu kiɗa. Mutumin ya ce mini ya yi baƙin ciki, na miƙa masa hannu, mai rabo ya ɗaga murya ya sanar cewa kujera ta zama fanko, kuma kafin in gama sa rigata an riga an raba sabon hannu. Lambar da ke allon bango ta ragu da ɗaya.

A cikin jirgin ƙasan da ya mai da ni gida na yi lissafin da har yau nake ganin shi ne gaskiyar wannan wasa. A ce mutum gwani ne ƙwarai, har ya zama duk lokacin da ya tura jetonsa duka yana da rabon kashi 80. A babbar gasa zai shiga irin wannan karo sau da yawa kafin ya kai teburin ƙarshe. Idan sau biyar ne kawai, kuma kowane karo faɗuwa tana nufin fita, damar ya tsallake duka biyar ɗin ita ce 0.8 a ninka da kanta sau biyar, wato kusan kashi 33. Sau biyu cikin uku zai fita, alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba. A zahiri kuma ba wanda yake samun kashi 80 kullum. Yawancin karon sun fi kusa da rabi da rabi, kamar As da Sarki a gaban Dam biyu. Gwaninta tana nan, ban musa ba, kuma ita ce ta sa ake ganin wasu fuskoki suna yawan kaiwa nesa. Sai dai tana bayyana ne bayan ɗaruruwan gasa, a hannun mutumin da yake da dukiyar da za ta ɗauki faɗuwa bayan faɗuwa ba tare da gidansa ya girgiza ba.

Labarin da ya cika duniya da wannan wasa labarin ɗan koyo ne. Gasar duniya ta poka, wadda Benny Binion ya fara a gidan cacarsa na Horseshoe a Las Vegas a 1970, kuɗin shiga babban wasanta dalar Amurka 10,000 ne tun 1972, abin da ya haura sefa miliyan biyar. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet da bai biya ko dala ɗari ta Amurka ba, ya zauna a gasarsa ta farko ta ido da ido, ya doke Sam Farha a ƙarshe, ya tafi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. Da labarin ya bazu, a 2004 suka zama 2,576, a 2006 suka kai 8,773, inda Jamie Gold ya ci dala miliyan 12, a 2024 kuma suka kai 10,112. Kowa yana tuna sunan mutum ɗaya na kowace shekara. A irin wannan gasa wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai suke samun wani abu, yawancinsu ma abin da bai kai ninki biyu ko uku na kuɗin shigarsu ba, sauran kashi 85 kuwa suna tashi kamar yadda na tashi, amma su dala 10,000 suka bari a teburin, ban da kuɗin jirgi da masauki. Miliyoyin da ake jibgewa a gaban zakara kuɗin waɗannan mutanen ne, bayan gidan ya cire kasonsa.

Da na dawo Maradi na ba da wannan labarin a gida, ƙanena, wanda wayarsa cike take da irin bidiyon nan, ya ce: “Yaya, to tunda ka kai har dare cikin ɗaruruwan mutane, mi ya hana ka gwada na kuɗi ko sau ɗaya?” Kafin in amsa, kawunmu, wanda ya tsufa a fataucin kaya tsakanin Maradi da Katsina da Kano, ya riga ni. Ya ce: “Yaro, ni ma kullum cikin kasada nake, kaya na iya lalacewa a hanya, naira na iya faɗuwa kafin in iso. Amma in na sayar da buhu, ni na tafi da kuɗi, mai saye ya tafi da abinci. Wanga wasa naku, in ka ci, mi wancan ya tafi da shi?” Na gaya wa ƙanena cewa amsar Kawu ita ce tawa, na kuma ƙara masa da abin da na gani da idona: a gasar da ba a zuba ko sisi ba, na ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, na kuma kwana ina juya goman nan a raina. Idan jeton banza sun iya yi wa mutum haka, ina iya ƙiyasta abin da jarin shago ko kuɗin makarantar yara za su yi masa. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta yarda cewa akwai wasu amfanoni ga mutane a cikin caca, sannan ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma, kuma a zauren nan na ga ɓangarorin biyu duka: natsuwa da lissafi da karanta mutane a gefe ɗaya, da wani ƙaiƙayin son a sake zama a ɗaya gefen.

Wannan ƙaiƙayin masu gidajen caca sun san shi sarai, kuma sun gina masa hanya. A tamu gasar, wanda ya fita ya fita, ba abin da ya rage masa sai ya tsaya bayan igiya ya yi kallo ko ya kama hanyar gida. Babban wasan Las Vegas ma haka yake, kujera ɗaya ga mutum ɗaya. Amma da yawa daga gasannin kuɗi na yau, a Turai da Amurka da ma Marrakesh a nan nahiyarmu, suna da tsarin sake shiga: muddin ba a rufe rajista ba, wanda aka fitar yana iya zuwa wurin mai karɓar kuɗi ya sake biyan cikakken kuɗin shiga, a ba shi sababbin jeto da sabuwar kujera. Wasu gasannin suna ƙayyade sau ɗaya, wasu ba su da iyaka, kuma rajistar takan zauna a buɗe na awoyi masu yawa bayan an fara wasa. Kuɗin da aka rubuta a jikin tallan gasar na zama ɗaya ne kawai, kuma adadin masu shiga da ake sanarwa a ƙarshe yana ƙirga mutum ɗaya sau uku idan sau uku ya biya.